Malam Kwalba da Magudanar Abbana

"Bawan Allah, me kake nema a bayan shagonmu?"

Bai ɗago ba. Yana tsugune a bakin magudanar da ruwan wankin motocinmu ke bi, hannunsa cikin safar roba, yana cika wata 'yar kwalba da ruwan da ni ko kallonsa ba na son yi.

"Da kai fa nake."

"Ina zuwa, ranki ya daɗe, saura kaɗan ta cika..."

Tiyon wanke mota yana hannuna. Ba da niyya na matsa ba. To... da 'yar niyya kaɗan. Ruwan ya same shi a tsakiyar baya, ya miƙe zumbur, gilashinsa ya zamo har kan hanci, amma kwalbar nan bai sake ta ba. Ɗaga ta sama ya yi kamar mai tsallake kogi da jariri.

Ya kalle ni, na kalle shi.

"Na gode," ya ce yana goge fuska. "Wannan ruwan mai tsabta ne. Wanda ke fita ne ke da magana."

Ni ce auta a gidanmu, kuma ni Abba ya danƙa wa gidan wankin motarsa tun da na gama makaranta, don yayyena maza duk aiki ya yi nesa da su. Kowa Auta yake kirana, har masu kawo mota. Ban saba wani ya zo bayan katangarmu yana tsince-tsince ba, balle ya gaya min ruwanmu yana da magana.

"Wace magana?"

"Kin taɓa bin magudanar nan kin ga inda ta ƙare?"

"Me zai kai ni?"

"Rafi take zuba. Rafin kuma madatsar da ake ɗebo ruwan famfon garin nan yake shiga. Da wane ruwa kika dafa shayi yau da safe?"

Na ce, "Ai ana tacewa."

"Ana tacewa. Amma abin da ba a zuba ba tun farko, ba sai an sha wahalar cire shi ba."

Ya ce shi malamin kimiyya ne a makarantar sakandare, kuma yana shugabantar wata 'yar ƙungiya ta sa-kai da ke fita duk Asabar suna kula da rafin. Ya ce in zo in gani da idona. Na ce ina da aikin yi, Malam Kwalba. Ya yi dariya, ya ce sunan ya yi masa. Ya juya ya tafi, rigarsa manne a baya tana ɗiga.

Ranar Asabar na je. Na gaya wa kaina zuwa zan yi in ƙaryata shi.

Shi ya shige gaba, ina biye da shi cikin takalman robar da wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙungiyar ta ara min, sun yi min yawa ina tafiya kamar agwagwa. Muka bi magudanarmu tun daga ƙasan katanga. Ta ratsa bayan wani shagon walda, ta bi ta ƙarƙashin titi, ta sauka gangare. A inda ta haɗu da rafi na tsaya. Sama da wurin, ruwan garau yake, ana ganin tsakuwa a ƙasa. Ƙasa da wurin kuwa, kumfa ce ta taru a jikin duwatsu, saman ruwan yana ƙyalli da launin baƙin mai, ga 'yan kifaye sun juya ciki sama.

Ƙamshin sabulun na gane. Ni nake sayo shi.

"Ba ku kaɗai ba ne," ya ce a hankali, ganin yadda fuskata ta canza. "Akwai masu zubar da shara, akwai masu wanke babur a ciki. Ban kawo ki don ki ji kunya ba."

"To don me ka kawo ni?"

"Don na ga kina da saiti. Wanda ya iya samun mutum da tiyo daga wannan nisan, zai yi mana amfani."

Na yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa.

Tun daga ranar Asabar ɗina ta zama ta rafi. Muna kwashe ledoji da robobi, muna dasa ciyawa mai doguwar saiwa a gaɓa don kar ruwan sama ya wanko ƙasa ciki, muna lallashin masu babura su matsa can tudu. Malam Kwalba bai iya faɗa ba, in ya fara yi wa mutum bayani sai mutumin ya gaji ya ce ya yarda. Ni kuwa baki gare ni, sai aka riƙa tura ni wurin masu taurin kai.

Ban san ranar da abin ya fara ba. Na dai lura in ya makara ina yawan duba hanya, in ya iso kuma sai in yi kamar ban gan shi ba. Wata rana muna dashe, ya miƙo min ciyawa ya ƙi saki.

"Auta..."

"Na'am."

"Na auna ruwa iri-iri, na san yadda ake gane mai kyau. Amma yadda ake gaya wa mace ana sonta, ba a koya mana a makaranta ba."

Na sunkuyar da kai ina tona ramin da na riga na gama tonawa.

"Ai ga shi ka faɗa."

"Na ci jarrabawar?"

"Da ƙyar. Sakar min ciyawata."

Kaka, mahaifiyar Abba, ita ta fara karɓarsa ranar da ya zo gaisuwa gidanmu. Ta ƙare masa kallo ta ƙasan ido ta ce, "Wannan siririn ne zai ƙwace min ke? Malam, bar yarinyar nan ka aure ni, ni ba na jiƙa mutane."

"Kaka, ke ce uwargida, ba a ma magana," ya ce. Daga nan ya saye ta.

Umma ma ta yaba hankalinsa. Abba ne ya ƙi ko zama. Ya amsa gaisuwa a tsaye, ya ce yana da uzuri, ya fita. Da yamma ya kira ni falo.

"Wannan ba shi ne mai yawo yana cewa ruwan shagona guba ba ne?"

"Abba, bai ce guba ba. Cewa ya yi a haƙa ramin tacewa, a sa tsakuwa da yashi da gawayi, a raba mai da ruwa kafin..."

"Ji nan. Har kin haddace karatunsa. Da shagon nan na yi muku makaranta ku duka. Yau wani mai kwalabe zai zo ya koya min sana'a?"

"Abba..."

"Ban taɓa zaɓa wa 'ya'yana ba, ke ma ba zan zaɓa miki ba. Amma wannan, a'a."

Akwai wanda wannan a'a ɗin ta yi wa daɗi. Mai Tanka muke ce masa, don motocin sayar da ruwa gare shi, kuma a wurinmu ake wanke su. Ya daɗe yana nemana, na daɗe ina ba shi haƙuri. Mutum ne mai turare da yawan murmushi, in ya zo sai ya durƙusa wa Abba har ƙasa, ya zauna kusa da shi a benci suna hira kamar ɗa da uba.

Wata safiya wata farar mota ta tsaya a ƙofar shago. Wata jami'a daga hukumar kula da muhalli ta fito, dattijuwa mai fara'a amma ba wasa. Ta zaga baya, ta duba magudana, ta dawo.

"Baba, an kawo mana ƙorafi, kuma na ga abin da aka faɗa. Zan ba ku lokaci ku gyara. In na dawo ban ga an fara ba, dole in rufe."

Abba ya zauna a benci kamar an zare masa laka. Ban taɓa ganinsa haka ba. Motar ba ta gama ɓacewa ba sai ga Mai Tanka, yana tafe yana girgiza kai.

"Abba, ban so in faɗa ba, amma shiru zai zama cin amana. Da idona na ga malamin nan yana shiga ofishinsu da jakar kwalabensa."

Abba ya juyo ya kalle ni. Da ma faɗa ya yi min da ya fi wannan kallon sauƙi.

Ban jira Asabar ba. Na je ƙofar makarantarsu na tsaya har aka tashi. Yana ganina fuskarsa ta washe.

"Zuciyata, lafiya kika..."

"Kana kai kwalabe ofishin muhalli ko ba ka kaiwa?"

"Ina kaiwa. A ɗakin gwajinsu muke auna ruwan rafi, kin sani ai. Amma na shagonku ban..."

"Za su rufe wa Abba shago."

"Auta, ki saurare ni. Ban kai ƙarar kowa ba. Jira nake Abba ya sauko mu gyara tare."

"Ka ƙi jira dai. Saboda ya ce maka a'a."

Ya cire gilashinsa, ya daɗe yana kallona.

"Haka kika ɗauke ni?"

Na juya na tafi, don in na tsaya kuka zan yi. Ya kira wayata, na ƙi ɗauka. Ya turo saƙo, na ƙi buɗewa. Asabar ta zo ta wuce ina ɗaki. Kaka ta leƙo ta ce, "Ke, ina mijina? Ko kin kore min shi?" Na ja bargo na rufe kai.

Fushi daban, gaskiya daban. Ko wa ya kai ƙara, ni na ga kifayen nan da idona. Don haka na ɗauki diga na je bayan shago, na auna wuri yadda na sha ji yana kwatantawa, na fara haƙa. Abba yana kallona daga benci, bai hana ba, bai taya ba. Ƙasar wurin kamar ƙarfe. Hannuna ya yi kanta, ramin kuwa ko gwiwata bai kai ba.

A haka jami'ar ta dawo ta same ni. Ta leƙa ramin, ta leƙa hannuna, ta yi murmushi.

"An fara dai. Zan ƙara muku lokaci."

Muna zagayowa gaba, ana tsakiyar wanke babbar tankar Mai Tanka, an lulluɓe ta da kumfa, shi kuma yana zaune kusa da Abba. Yana hango jami'ar ya fara laluben waya kamar ana kiransa. Ita kuwa ta riga ta gan shi.

"A'a, ashe kana nan. Ka ga mun zo kamar yadda ka nema. Amma maganar da ka yi min ta cewa in an rufe za ka sayi filin ka riƙa ajiye motocinka, ka cire rai, don mutanen nan sun kama gyara."

Injin feshi kaɗai ake ji.

Abba ya juya a hankali ya kalli mutumin da ke gefensa.

"Abba, wallahi ba haka... ai don lafiyar jama'a na..."

"Ku kashe injin," in ji Abba. Ma'aikatanmu suka kashe. "A bar masa motarsa da kumfarta. Tashi ka ja ta."

Haka Mai Tanka ya hau titi da tanka fara fat, kumfa tana tashi a bayansa, mutane suna nuna shi. Ma'aikatanmu suka fashe da dariya. Ni ma na so in yi, amma sai na tuna fuskar da na baro a ƙofar makaranta.

"Ranki ya daɗe," na ce wa jami'ar, "malamin nan mai kawo muku ruwan rafi, bai taɓa ambatar shagonmu ba?"

"Shi? Na ma tambaye shi ko ya san wurin. Cewa ya yi mutanen kirki ne, a yi musu a hankali."

Abba ya ji. Ya tashi ya shige ofis ya rufe ƙofa.

Asabar na tashi da wuri. Na san ranar ƙungiya za ta hau can saman tudu, inda idon ruwan da rafin ke farowa yake, su dasa itatuwa su kewaye shi don dabbobi su daina shiga. Na same shi a durƙushe yana danna ƙasa a gindin wani ɗan dashe. 'Yan ƙungiya suna ganina kowa ya tuna yana da aiki a nesa.

"Malam..."

"Sannu da zuwa." Bai ɗago ba.

"Na yi maka laifi. Na yanke maka hukunci ban saurare ka ba. Ka yafe min."

Ya ci gaba da danna ƙasar da ta riga ta dannu.

"Abin ya yi min ciwo, Auta. Ba ƙaryar da aka yi min ba. Yadda kika yarda da sauri."

"Na sani. Na ga Abba ya karye ne, hankalina ya tashi. Ba hujja ba ce, amma abin da ya faru ke nan."

Sai a lokacin ya ɗago. Idonsa ya sauka a tafin hannuna.

"Me ya samu hannunki?"

"Rami nake haƙawa."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Ya kai ina?"

Na nuna ƙasan gwiwata. Ya yi ƙoƙarin daurewa, leɓensa yana rawa, daga ƙarshe dariyar ta ƙwace masa.

"Wannan ai ko kaza ba za ta yi wanka a ciki ba."

"To ka zo ka gyara mana, tunda ka iya."

"Abba zai bar ni in shiga?"

"Ka zo dai. In ya kore ka, tare zai kore mu."

Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. "Na yafe miki tun kina juya baya, abar ƙaunata. Na dai so ki hawo tudun nan ki ɗan sha wahala."

Sati na zagayowa ƙungiyar gaba ɗaya ta sauka a bayan shagonmu, da shebur da baro da buhunan gawayi. Har mai waldan maƙwabcinmu ya fito ya ce shi zai yi murfin ƙarfe. Kaka ta sa aka kai mata kujera inuwa, tana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Abba yana tsaye daga nesa, hannu a baya.

Malam ya je ya durƙusa ya gaishe shi. Abba ya amsa a taƙaice. Ya ɗan jima, sannan ya matso bakin rami ya leƙa.

"Wannan gangaren bai yi ba. In damina ta sauka, ruwan ta can yake zuwa, zai cika muku shi da laka."

"To ta ina ya kamata a bi, Abba?"

"Ba ni shebur ɗin nan."

Umma ta ce min daga baya rabon da ta ga Abba ya naɗe hannun riga har ta manta. Suka wuni kafaɗa da kafaɗa, Abba yana gyara gangare, Malam yana jera tsakuwa da yashi, suna musu a kan komai. La'asar ta yi aka wanke mota ta farko, muka taru a ƙarshen ramin muna jira. Ruwan ya shiga da kumfa da mai. Ya ɗauki lokaci. Da ya fito ta ɗaya ɓangaren, ba kumfa, ba ƙyalli.

Abba ya daɗe yana kallonsa.

"Ba na sha ba ne fa, Abba," in ji Malam da sauri. "Amma rafi zai iya da shi. Sai dai a riƙa kwashe man da ya taru, a canza yashi lokaci-lokaci."

"Wa zai riƙa dubawa?"

"Ni zan riƙa zuwa, in ka yarda."

"Hmm. Mutum ba ya yi ta zarya gidan mutane haka kawai, a yi ta magana." Abba ya goge hannu a rigarsa, yana kallon wani wuri daban. "Ka turo manyanka."

Kaka ta buga sandarta a ƙasa. "Shi ke nan, an ƙwace min miji ina zaune."

Na ruga ofis na rufe fuska da mayafi, ina jin dariyarsu ta taga.

Bayan damina aka ɗaura mana aure. Ranar walima 'yan ƙungiya suka zo kwansu da kwarkwatarsu, jami'ar muhalli ma ta zo, Abba ya zaunar da ita a sahun gaba.

Asabar ta farko a gidanmu, mun yi shawara ba inda za mu. Ango ya ce rafi ba zai gudu ba, yau hutu ne. Na haɗa mana shayi, ya miƙe ƙafa a kujera, ya fara gaya min wasu kalamai da ba zan maimaita a nan ba. Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya gyara zama.

"Abba ne."

Ya ɗauka ya sa a bayyane.

"Malam, kuna ina? Mutane sun taru a bakin rafi tun ɗazu, na kawo musu baro biyu, na kori masu babur har sun gaji da ni, shugaba kuma babu shi babu dalilinsa."

"Abba, ai da cewa muka yi yau..."

"Aure aka ba ka, ba ritaya ba. Ka taho, ka ce wa Auta ita ma ta zo, akwai wani mai taurin kai a nan da ya fi ƙarfina."

Ya kashe wayar. Muka kalli juna.

"Kai ka jawo," na ce.

"Ni na jawo," ya ce yana dariya. "Shanye shayinki, amarya. Surukina yana jira."